Harafi ɗaya a ƙwayar gado: yadda yake sauya aikin maganin barcin tiyata a ƙwaƙwalwa

Akwai maganganu biyu da ake yawan ji game da maganin barcin tiyata, kuma suna cin karo da juna. Wasu na cewa akwai mutanen da maganin ba ya kama su saboda haka halittarsu take, har ma ana hasashen nan gaba gwajin jini ne zai gaya wa likita yawan maganin da zai ba kowa. Wasu kuma na cewa babu wannan zancen, tunda maganin yana kwantar da jariri da tsoho, yana kwantar da ɓera da kifi da ƙuda. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Abin da ke raba gardamar yana cikin binciken da aka shafe kusan shekara 30 ana yi a kan ƙananan furotin da ake kira makarɓai, da abin da ke faruwa idan aka sauya musu tubali ɗaya tak.

Barcin da ya ƙunshi abubuwa da yawa

Abin da ake kira barcin tiyata tarin abubuwa ne da ke zuwa tare, shi ya sa ake ɗaukarsu abu guda. Akwai gushewar hankali. Akwai mantuwa, wato ƙwaƙwalwa ta daina adana abin da ke faruwa. Akwai rashin motsi ko da wuƙa ta taɓa fata. Akwai kuma dushewar zafi. Bayan waɗannan da ake nema, wasu na biyowa ba da gayyata ba: numfashi ya yi rauni, hawan jini ya sauka, jiki ya yi sanyi, mutum ya farka da jiri.

Tun 1965 likitoci ke auna ƙarfin maganin da ake shaƙa da wani ma'auni da Edmond Eger da abokan aikinsa suka kawo, wanda ake taƙaitawa da MAC. Ma'anarsa yawan maganin da ke cikin iskar huhu wanda zai hana rabin marasa lafiya motsi idan an tsaga fata. Na halotan kusan kashi 0.75 cikin 100 ne, na isofuluren kusan 1.2, na sebofuluren kusan 2, na desfuluren kusan 6. An daɗe ana zaton wannan ma'auni ƙwaƙwalwa yake aunawa. A 1993 wani gwaji da aka yi da awaki a Kalifoniya ya nuna akasin haka. An raba hanyar jinin kai da ta gangar jiki, aka tura isofuluren zuwa ƙwaƙwalwa kawai, sai yawan maganin da ake bukata don hana motsi ya tashi daga 1.2 zuwa 2.9. Ashe rashin motsi galibi aikin laka ne, jijiyar da ke cikin ƙashin baya. Wannan ya zama ɗaya daga cikin alamun farko cewa kowane yanki na barcin tiyata yana da mazauninsa daban.

Mene ne makarɓi

Galibi ƙwayoyin jijiya ba sa haɗewa da juna kai tsaye. Tsakanin kowace biyu akwai ɗan rata da ake kira mahaɗa. Ta farko tana sakin sinadari, sinadarin ya tsallaka ya sauka a kan wani furotin da ke dashe a tantanin ta biyu. Wannan furotin shi ne makarɓi. Wasu saƙonni totur ne, suna zuga ƙwayar ta harba nata saƙon. Babbansu shi ne gulutamet. Wasu kuma birki ne. Babbansu a ƙwaƙwalwa shi ne GABA, a laka kuma gilaisin yana taya shi.

Makarɓin GABA-A shi ne zuciyar wannan batu. Gaɓoɓi biyar ne suka yi da'ira, suka bar rami a tsakiya. Idan GABA ya sauka, ramin ya buɗe na ɗan ƙiftawar ido, kuloraid ya kwarara ciki, ƙwayar jijiyar ta yi sanyi ta kasa harbawa. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado 19 da ke ƙera waɗannan gaɓoɓi: alfa guda 6, beta 3, gama 3, da wasu. Mafi yawan makarɓan alfa biyu ne, beta biyu, gama ɗaya, amma wace alfa da wace beta, wannan ya danganta da wurin. Na ɓawon ƙwaƙwalwa daban, na hifokamfus mai kula da adana tunani daban, na laka daban.

Kowace gaɓa sarƙa ce ta tubala sama da 400 da ake kira amino asid, kuma ƙwayar gado ce ke tsara wanda zai zauna a kowane gurbi. Sauyin gado shi ne harafi ɗaya ya canja a DNA, sai wani tubali ya maye gurbin wani. Masana na rubuta shi a taƙaice: N265M na nufin a gurbi na 265, an cire asfarajin an sa metiyonin.

Magungunan barci na allura irin su furofofol da etomidet ba sa zama a gurbin GABA. Suna shiga wani lungu dabam a jikin makarɓin, su sa ramin ya daɗe a buɗe. Birkin da zai ɗauke nan take sai ya ci gaba da kamawa. Idan maganin ya yi yawa kuwa, yana iya buɗe ramin da kansa ko babu GABA.

Daga kitse zuwa furotin

Tun ranar 16 ga Oktoba 1846, da William Morton ya nuna aikin iskar eta a Boston, ake amfani da maganin barci ba tare da sanin yadda yake aiki ba. A 1899 Hans Meyer, sannan a 1901 Charles Overton, kowa a nasa ɓangaren, suka lura cewa gwargwadon yadda magani ke narkewa a man zaitun, gwargwadon ƙarfinsa. Tunda tantanin ƙwayar jijiya kitse ne, aka yanke cewa maganin narkewa yake a cikinsa ya dagula shi. Wannan bayani ya yi mulki kusan shekara 80.

Abubuwa uku suka rage masa ƙarfi. A 1984 Nick Franks da Bill Lieb a Landan suka ɗauki furotin da ke sa maƙesu walƙiya da dare, suka tsarkake shi babu ɗigon kitse, sai ga magungunan barci suna toshe shi daidai da jerin ƙarfinsu a jikin dabba. Na biyu, wasu magunguna suna zuwa a siffa biyu kamar hannun dama da na hagu. Narkewarsu a kitse ɗaya ce, amma siffa ɗaya ta etomidet ta ninka ɗayar ƙarfi kusan sau goma. Kitse ba ya bambance dama da hagu, lungun furotin ne ke yin haka. Na uku, an samu sinadaran da ke narkewa a kitse sosai amma ba sa hana motsi ko kaɗan. Daga nan tambaya ta koma: wane furotin, wane lungu?

Gurbi na 265

A 1997 aka samu amsoshi biyu. John Mihic da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki makarɓai biyu 'yan gida ɗaya: na gilaisin, wanda giya da maganin shaƙa ke ƙara wa ƙarfi, da wani nau'in na GABA mai suna ro, wanda ba sa ƙara masa. Suka riƙa yanka suna haɗa rabin wannan da rabin wancan, suna gwadawa a cikin ƙwan kwaɗo, har suka ƙuntata wurin zuwa tubala 45, daga nan zuwa biyu. Da aka sauya waɗannan biyun, makarɓin ya ci gaba da amsa saƙonsa na asali amma ya daina jin maganin.

A shekarar ce kuma Delia Belelli da Jeremy Lambert a Dundee ta Sikotilan suka bi sawun wani abin mamaki game da etomidet: yana aiki sosai a makarɓan da ke da beta2 ko beta3, amma da ƙyar yake taɓa masu beta1. Bambancin tubali ɗaya ne, wanda yanzu ake ƙirgawa a gurbi na 265. Beta2 da beta3 suna da asfarajin a wurin, beta1 tana da serin. Makarɓin GABA na ƙudan 'ya'yan itace, wanda bai damu da etomidet ba, metiyonin ne a wannan gurbi. Da suka ari metiyonin ɗin suka dasa a beta3, aikin maganin ya kusan ɓacewa.

Duk wannan a kwanon gwaji ne. Bai nuna cewa gurbin ne ke kwantar da dabba mai rai ba.

Ɓerayen da suka raba barcin gida-gida

Hanyar da aka saba ita ce a cire ƙwayar gado gaba ɗaya a ga abin da zai faru. Matsalarta, ƙwaƙwalwar da ta girma babu wata gaɓa takan yi wa kanta faci, ta ƙara wasu gaɓoɓin, sai a rasa ko abin da aka gani daga rashin gaɓar ne ko daga facin. Ɓerayen da aka cire wa beta3 ma yawancinsu mutuwa suke yi jim kaɗan bayan haihuwa. Dabarar da ta fi ita ce a bar gaɓar a wurinta tana aikinta, a sauya tubali ɗaya kawai wanda magani ke bukata.

Uwe Rudolph da Hanns Möhler a Zurich sun fara gwada dabarar da dayazifam, maganin kwantar da hankali. A 1999 suka sauya tubali na 101 a alfa1, sai maganin ya daina sa ɓerayen gyangyaɗi da mantuwa, amma yana rage musu fargaba. A 2000 suka yi irin sauyin a alfa2, sai rage fargabar ne ya tafi. Magani ɗaya, ayyuka biyu, ƙofofi biyu.

A 2003 suka fito da ɓeraye masu N265M a beta3. A ido lafiyarsu ƙalau. Ana gwada barcin ɓera ta hanya biyu: a kwantar da shi rigingine a ga ko zai juyo, wannan na wakiltar gushewar hankali; a matse masa ƙafar baya a ga ko zai janye, wannan na wakiltar rashin motsi a ƙarƙashin wuƙa. Da aka yi musu allurar etomidet ko furofofol, janye ƙafar bai tsaya ba sam, kwanciyar rigingine kuma ta gajarta ƙwarai. Da aka ba su alfaksalon, wani maganin barci wanda shi ma a makarɓin GABA-A yake aiki amma a wani lungu dabam, suka kwanta kamar kowane ɓera. Wannan ya tabbatar makarɓin bai lalace ba, lungu ɗaya ne aka toshe. Bayan shekara biyu aka gano raunin numfashin da magungunan biyu ke jawowa ma ya ragu sosai a waɗannan ɓeraye, alhali saukar bugun zuciya da sanyin jiki suna nan kusan yadda suke.

A 2003 ɗin dai wasu masu bincike a Ingila suka yi sauyin a beta2, suka mai da gurbin serin kamar na beta1. Nasu ɓerayen etomidet ya kwantar da su, sai dai ƙaramin magani ba ya sa su kasala, kuma da sun farka sai su ware nan da nan, babu layi babu tangaɗi. Abin lura a nan: makarɓai masu beta2 su ne mafi yawa a ƙwaƙwalwa, kusan rabin duka, amma babban aikin da likitan tiyata ke bukata yana hannun beta3 wadda ba ta kai su yawa ba. Inda makarɓi yake zaune ya fi yawansa tasiri.

Mantuwa kuma ta fito ta wata ƙofar. A 2006 ɗakin binciken Beverley Orser a Toronto ya nuna ɓerayen da ba su da alfa5 suna barci da etomidet kamar kowa, amma ba sa manta abin da aka koya musu a ƙarƙashin ƙaramin magani. Alfa5 ta fi yawa a hifokamfus, kuma galibi a wajen mahaɗa take, inda take ba da birki mai ɗorewa maimakon mai ƙyaftawa. A 2014 suka ƙara da cewa allura ɗaya ta etomidet na sa waɗannan makarɓai su ƙaru a saman ƙwayar jijiyar ɓera har na aƙalla mako guda, tare da raunin tunawa. Ko haka yake a mutanen da ke kukan mantuwa bayan tiyata, ana kan bincike.

Yadda ƙaramin lungu ke sauya kiɗan ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da daidaiton lokaci. Miliyoyin ƙwayoyin jijiya na harbawa da tsayawa bisa tsari, kuma tsawon birki shi ke yanka musu kiɗan. Idan furofofol ya tsawaita birkin, saƙonnin da ke kai-komo tsakanin talamus, tashar da saƙonni ke ratsawa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, da ɓawon ƙwaƙwalwa sai su faɗa cikin bugu ɗaya mai maimaita kansa. A na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa ana ganin igiyoyi masu bugu 8 zuwa 12 a daƙiƙa a gaban goshi, suna hawa kan wasu manya masu tafiyar hawainiya, ƙasa da bugu ɗaya a daƙiƙa. Ƙwayoyin ba su mutu ba, ba su ma yi shiru gaba ɗaya ba. Sassan ƙwaƙwalwar ne suka daina jin juna. Idan sauyin gado ya hana magani tsawaita birki a wani rukunin ƙwayoyi, wannan rukunin zai ci gaba da tafiya da nasa lokacin. An ga haka a yankan ɓawon ƙwaƙwalwar ɓerayen beta3, inda etomidet ya kasa rage harbin ƙwayoyin kamar yadda yake yi a na sauran.

Ramin makulli ne ya toshe, ko ƙyauren ne ya sauya?

A nan masana suka daɗe suna ja-in-ja. Idan aka sauya tubali magani ya daina aiki, fassara biyu ce. Ko dai tubalin yana cikin lungun da maganin ke zama, sauyin ya hana shi shiga. Ko kuma maganin yana shiga lafiya, amma tubalin yana kan hanyar da motsin ke bi daga lungun zuwa ramin kuloraid. Gwajin wuta kaɗai ba ya iya raba biyun. Akwai ma fassara ta uku mai ruɗarwa: wasu sauye-sauyen ba su da alaƙa da lungun magani, ƙyauren kawai suke sassautawa, ramin ya riƙa buɗewa da kansa, sai kowane magani ya bayyana kamar ya ƙara ƙarfi.

Hujjoji biyu suka karkatar da gardamar game da gurbi na 265. A 2006 aka yi amfani da wani ɗan'uwan etomidet da ke manne wa furotin idan an haska masa haske, aka same shi manne a tsagin da ke tsakanin gaɓar beta da ta alfa, cikin kaurin tantani. A 2020 ɗakin binciken Ryan Hibbs a Dalas ya ɗauki hoton makarɓin da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da sanyi, aka ga furofofol da etomidet zaune a wannan tsagi, dab da gurbi na 265, yayin da fenobabital, wani tsohon maganin barci da farfaɗiya, ke zaune a wasu tsagogin dabam. Masu cewa ramin makulli ne sun yi rinjaye a wannan gurbi. Amma hakan bai wanke sauran gurabe ba, kowanne sai an bi shi da nasa gwajin.

Labarin S270H ya nuna haɗarin gaggawa. Wannan sauyi a alfa1 yana hana isofuluren aiki a kwanon gwaji, amma kuma yana sa makarɓin ya riƙa jin GABA fiye da kima. Ɓerayen da aka yi da shi a Pittsburgh sun fito da matsaloli: rashin natsuwa, wutar ƙwaƙwalwa mara tsari, mutuwar wuri, har da jijjiga idan an ba su maganin barci. Sai da aka ƙara sauyi na biyu, L277A, don mai da jin GABA daidai, sannan aka iya yin gwajin. Sakamakon kuma bai yi armashi ba: kwanciyar rigingine ta ɗan sauya, amma mantuwa da rashin motsi suna nan.

Me ya sa maganin shaƙa ya ƙi ba da kai

Duk wani sauyi guda da aka gwada a ɓeraye, bai taɓa kashe aikin maganin shaƙa ba. A ɓerayen beta3 ɗin da furofofol ya kasa hana motsi, halotan ƙari kaɗan kawai ya bukata. A 2004 aka cire TREK-1, wata ƙofar fotasiyam da maganin shaƙa ke buɗewa, a ɗakin binciken Michel Lazdunski a Faransa. Ɓerayen sun bukaci ƙarin magani, amma sun kwanta. Dalilin da aka fi yarda da shi shi ne waɗannan ƙananan sinadarai suna taɓa wurare da dama a lokaci ɗaya, kowanne kaɗan-kaɗan: GABA-A, gilaisin, ƙofofin fotasiyam, makarɓin gulutamet mai suna NMDA, da sakin saƙo a mahaɗa. In an toshe ɗaya, sauran su ɗauki nauyin.

Wasu na ganin amsar tana wani wuri dabam. Philip Morgan da Margaret Sedensky sun nuna tsutsa da ɓera masu naƙasa a rukuni na farko na maitokondiriya, injin samar da makamashi a ƙwayar halitta, suna kwanciya da ƙasa da rabin isofuluren da sauran ke bukata, kuma an ga irin wannan saurin kamuwa a wasu yara masu wannan cuta. Babu sauyin makarɓi da ya taɓa kawo bambanci mai girman haka ga maganin shaƙa. A 2020 kuma wasu masu bincike a cibiyar Scripps suka dawo da kitse cikin zancen, suna cewa maganin na wargaza wasu dunƙulen kitse a tantani, hakan ya saki wani furotin da ke buɗe TREK-1. Wannan ra'ayi bai samu karɓuwar kowa ba.

Ketamin, wani maganin barci na allura, shi ma ya ba da mamaki. An san shi da toshe NMDA, wato cire ƙafa daga totur maimakon taka birki, amma a 2009 aka ga ɓerayen da ba su da wata ƙofa mai suna HCN1 suna bukatar kusan ninki biyu kafin su kwanta. Wani maganin sa barci mai suna deksmedetomidin kuwa ya fi kama da etomidet wajen tsayawa a ƙofa ɗaya: sauyin D79N a makarɓin adirenalin na alfa2A ya kawar da barcin da yake sawa.

Mutum ba ɓeran gwaji ba ne

Sauyin N265M ƙirar ɗakin bincike ce, an zaɓe shi ne da gangan don ya toshe magani. Sauye-sauyen da ake samu a makarɓan GABA-A na mutane yawanci ta hanyar cuta suke bayyana, musamman farfaɗiya, tun kafin maganar tiyata ta taso. A 2001 aka gano R43Q a gaɓar gama2 cikin wani babban dangi a Ostareliya masu farfaɗiyar yara da jijjigar zazzaɓi. Rahoton farko ya ce sauyin na hana dayazifam aiki. Wasu ɗakunan bincike daga baya suka ce babbar matsalar ita ce makarɓin na maƙalewa a cikin ƙwayar, ba ya isa saman tantani. A beta3 kuma an gano wasu sauye-sauyen rage aikin makarɓi suke yi, wasu ƙara shi, kuma masu ƙarin ne sukan fi tsananin ciwo, har maganin farfaɗiya mai ƙara GABA ya iya yi musu illa. Saboda haka jin cewa yaro yana da sauyi a wannan ƙwayar gado bai isa a san ko zai bukaci ƙarin maganin barci ko ragi ba.

Akwai inda magani ke gyara abin da sauyi ya ɓata. Cutar firgita ta gado, wadda jariri ke sandarewa idan an taɓa shi ba zato, tana zuwa ne daga sauyi a makarɓin gilaisin. A 2004 aka nuna furofofol na dawo da aikin irin waɗannan makarɓai a ƙwan kwaɗo da a ɓeraye.

Maganar masu jan gashi ita ce ta fi yaɗuwa. Jan gashi na zuwa daga sauyi a makarɓin MC1R mai kula da launin gashi da fata. A 2004 wani bincike a Louisville ta Amurka ya gwada mata 10 masu jan gashi da 10 masu baƙin gashi, ya samu na farkon sun bukaci ƙarin desfuluren da kashi 19 cikin 100. A 2012 wani bincike a Ostareliya a kan marasa lafiya 468 da aka yi wa tiyata ta gaske bai ga bambanci ba. Masu kare na farko na cewa ya fi tsafta, domin magani ɗaya aka bayar kuma an auna motsi kai tsaye. Masu kare na biyu na cewa mutum 20 sun yi kaɗan, kuma bambancin da ba ya bayyana a ɗakin tiyata ba shi da amfani ga mara lafiya. Haka batun wani sauyi mai suna A118G a makarɓin mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, yake: a ƙididdiga masu shi kan ɗan bukaci ƙarin maganin zafi bayan tiyata, amma ratar ba ta kai a gina shawara a kanta ga mutum ɗaya ba.

Sauyin makarɓi da ya fi kowanne kisa a ɗakin tiyata ma ba a ƙwaƙwalwa yake ba, a tsoka yake. A 1960 Michael Denborough a Melbourne ya ba da rahoton wani saurayi ɗan shekara 21 da ya karye a ƙafa yana tsoron maganin barci, domin danginsa 10 sun mutu a ƙarƙashinsa. An ba shi halotan, jikinsa ya ɗauki zafi, aka ceto shi da ƙanƙara. Daga baya aka gano tushen a makarɓin RYR1, ƙofar kalsiyam a cikin tsoka. A mai wannan sauyi, maganin shaƙa ko saksinilkolin, maganin sassauta tsoka, na sa ƙofar ta buɗe ta ƙi rufuwa, tsoka ta ƙage, zafin jiki ya yi ta hawa. Kafin zuwan dantirolin, maganin wannan matsala, a ƙarshen shekarun 1970, kusan 7 cikin 10 na masu kamuwa mutuwa suke yi. Yanzu inda ake da maganin, ƙasa da 1 cikin 10 ne. Idan uwa ko uba na da sauyin, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadonsa.

Akan haɗa wannan da wata matsala wadda ba ta makarɓi ba ce. Saksinilkolin na sassauta tsoka na 'yan mintuna kafin wani sinadari a jini ya narkar da shi. Wanda ya gaji naƙasasshen sinadarin daga iyaye biyu zai iya yin sa'o'i bai iya numfashi da kansa ba, sai an riƙe shi da na'ura. A nan makarɓin lafiya yake, jiki ne ya kasa fitar da maganin.

Abin da ya shafi mai shiga tiyata

A yau ba a yi wa mutane gwajin ƙwayoyin gadon GABA-A kafin tiyata, kuma babu hujjar da ta nuna yin hakan zai sauya sakamako. Abubuwan da aka tabbatar suna motsa yawan maganin da mutum ke bukata a fili suke: shekaru, inda MAC ke sauka da kusan kashi 6 cikin 100 a kowace shekara goma bayan 40, juna biyu da sanyin jiki, masu rage bukata, daɗewa ana shan giya ko ƙwayoyin barci ko na kashe zafi, mai ƙara ta, domin makarɓai na sabawa su rage amsawa ba tare da wani harafi ya canja a DNA ba. Likitan barci kuma ba ya zuba adadi ɗaya ya juya baya. Yana ƙarawa yana ragewa bisa bugun zuciya, hawan jini, yawan maganin da ke fita a numfashi, wani lokaci da igiyoyin ƙwaƙwalwa, don haka bambancin kashi 10 ko 20 yakan narke cikin wannan lura.

Tambayar da ake yi kafin tiyata, ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da maganin barci, ita ce gwajin gado mafi amfani da ake da shi a yanzu. Mutuwar ɗan'uwa ba zato a kan gadon tiyata, zazzaɓi mai tsanani lokacin aiki, daɗewa ba a farfaɗo da numfashi ba, ciwon tsoka na gado, farfaɗiyar yara, cutar maitokondiriya: duk waɗannan na sa likita ya sauya zaɓi. Mai sauyin RYR1 ana iya yi masa tiyata lafiya da furofofol ko da allurar kashe yanki, a na'urar da aka wanke daga maganin shaƙa. Gwajin jini na iya tabbatar da sauyin, amma in bai nuna komai ba bai wanke mutum ba, saboda an san ɗaruruwan sauye-sauye a wannan ƙwayar gado kuma kaɗan ne aka tabbatar da illarsu. A irin haka akan yanki ɗan tsoka a gwada ta da halotan da sinadarin kafiyin da ke cikin kofi.

Ribar ɓerayen za ta fi fitowa ne ta wajen ƙera magani. Tunda kasalar bayan farkawa ta beta2 ce, maganin da zai kama beta3 ya bar beta2 zai iya tashin mutum garau. Sai dai gwajin 2005 ya sa iyaka ga wannan fata: rashin motsi da raunin numfashi duk a beta3 suke, don haka zaɓen gaɓa kaɗai ba zai raba su ba. Wata illar etomidet kuma, hana halittar saman ƙoda samar da kotisol, sinadarin da jiki ke bukata don jure wahala, ba ta bi ta makarɓin GABA ba ko kaɗan, wani furotin dabam maganin ke toshewa. Sanin haka ne ya ba masu bincike a Boston damar sauya ƙwayar zarra ɗaya a jikin etomidet, suka samu kaboetomidet, wanda a gwajin dabbobi yana sa barci ba tare da ya danne kotisol ba.